Rumbun Tayar Manaja Ɗantani

A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da madarar gwangwani suka zama sai mai hanya, mutum ɗaya ne a Bodinga ya ji sanarwar a rediyo ya kama dariya. Sunansa Ɗantani, amma ba ya amsa wannan suna. Tun da ya taɓa riƙe wa wani ɗan kwangila makullin sito a Sakkwato ya dawo gida ya ce daga yau shi Manaja ne. In ka kuskura ka ce Ɗantani, sai ya waiwaya yana taya ka neman wanda kake kira. Mu da muka yi wasan ƙasa tare da shi ma mun bi, don a zauna lafiya.

Abin da ya ba shi dariya shi ne an ce an taƙaita shigo da kaya daga waje, har da tayar mota. A rumfar Mode mai faci, bakin tasha, ya kwance mana jakar hikimarsa. Ya ce in sabuwar taya ta ɓace, tsohuwa za ta zama amarya, kuma duk wanda ya tara ta yanzu, baɗi shi za a riƙa yi wa layi a ƙofar gida. Mode ya tambaye shi wace iri yake so.

"Dut wadda tat taɓa zagayawa bisa kwalta," in ji Manaja. "Ni da kunka gani, ina hangen abin da ba ku hange."

Mode ya sunkuyar da kai, ya gode wa Allah a zuci. Bayan rumfarsa akwai tulin tayoyin da suka mutu murus, waɗanda duba-gari ya daɗe yana tsangwamarsa a kansu. Ya ware masu sauran rai ya tura ƙarƙashin benci, ya ce wa Manaja sauran duk ya kwasa, kyauta, don zumunci.

Labari ya riga shi isa Sifawa, ya riga shi isa Shagari. Duk rumfar faci da ya tsaya da amalankensa sai ya tarar an tara masa kaya ana jira, har a taya shi lodi, a raka shi da addu'a. Ya dawo yana gaya mana irin girman da ake ba shi a ƙasar nan. Kafin sanyi ya wuce zaurensa ya cika, tsakar gida ta cika, bayan gida ya cika. Matarsa Mairo in za ta madafa sai ta tattare zane ta yi hawa da sauka. Kajinta suka koma yin ƙwai inda hannu ba ya kaiwa. Ta yi magana, ya ce mata matar manaja ba ta ƙorafi a kan jari.

Layin da ake jira bai zo ba. Direbobi sun ƙi sabuwar taya don tsada, amma ba su haukace ba, faci suke yi a kan faci. Da shiru ya yi yawa sai Manaja ya aika aka kira Bawa, mai yanka taya yana ɗinka guga da takalmi a kasuwa. Bawa ya zo da wuƙarsa, ya ɗora a kan ta farko, wuƙa ta yi ƙara. Ya gwada wata, ya gwada wata, ya mayar da wuƙa kube. Ya ce shi tayar babbar mota yake yanka, mai zare a ciki, waɗannan kuwa duk waya ce.

"Wagga ko jaki ba ya taka ta," in ji Bawa.

"Hassada ta," in ji Manaja. "Kana tsoron in ƙwace maka kasuwa."

Don ya nuna wa duniya, sai ya samo zarto ya yanka wa kansa takalmi, ya sa shi ranar Juma'a. Daga gida zuwa masallaci yana tafiya yana ɗage ƙafa, yana gaishe da mutane da murmushin wanda waya ke soka. Da aka idar da salla aka tarar takalmin ya bar inda aka ajiye shi ya koma can bakin ƙofa. Masu bara suka ba da shaida cewa ɓarawon takalma ne ya sa, ya ɗan taka, ya tuɓe ya tafi abinsa ba takalmi.

Da wani ne, da ya daddara. Manaja kuwa ya ce ai mahauta na babbaka kai da ƙafa da wutar taya, kasuwa ce wannan a buɗe. Mahauta suka ce su kyauta suke tsinta. Ya ce don ba su san yadda ake yi ba ne, ya sayo kan rago, ya cinna wa taya wuta a ƙofar gida. Kan rago ya koma gawayi. Hayaƙi ya bi unguwa gida-gida, ya rina shanyar mutane, ya sauka a ƙwaryar furar Asabe maƙwabciyarsa. Asabe ta fito da ƙwaryar a hannu, ta ce ya zo ya sha tun da shi ya yi mata ado. Ya leƙa, ya ce shi bai ga laifin fura ba, ta ƙara kauri ma. Da ba a riƙe Asabe ba da ranar ya yi wanka da ita.

Da a nan abin ya tsaya da sai mu yi dariya mu manta. Amma kakar albasa ta zo, kuma a nan ne ya taɓa abin da ba nasa ba.

Uwar Mairo, Inna Hawwa'u, tana zaune a Lambara, can wajen Shagari. Mijinta ya rasu ya bar mata fadama 'yar kaɗan da wani irin jar albasa, ƙanana masu tauri, masu yajin da ke sa ƙato hawaye. Shi ma a hannun ubansa ya gada, kuma ba ka samunsa a kasuwa. Kowace shekara takan zaɓi mafi kyau ta ajiye a rudu, wato dandamalin itace da kara mai rufin ciyawa, inda iska ke shiga ta ko'ina, sai bayan damina ta dasa su su yi fure su ba da iri. In waɗannan suka lalace, irin ya tafi ke nan har abada. A shekarar nan gara ta cinye ƙafafun rudun, kuma Mairo ta yi kuskuren faɗa a gaban mijinta.

Manaja ya miƙe tsaye. Ya ce Allah ya kawo ranar taya. Za a jera su ɗaya bisa ɗaya kamar bakin rijiya, a zuba albasa, a rufe, an sami rumbun zamani ke nan. Ya ce gara ba ta cin roba. Wannan kam gaskiya ce, kuma ita kaɗai ce gaskiyar da ke cikin maganar.

To, kowa ya san tsakanin mutum da surukarsa. Tun da Ɗantani ya auri Mairo, Inna Hawwa'u ba ta taɓa kallon idonsa ba, ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta taɓa ce masa a'a ba. In ya shigo gaisuwa takan ja mayafi ta juya fuska, in kuwa dole ta kama sai ta gaya wa tukunya ko akuya abin da take so ya ji. Ita Mairo kuma 'yar fari ce, uwar ba ta doguwar magana da ita. Manaja ya san duk wannan sarai. Shi ya sa bai aika dattijo ya tambayo masa ba, kamar yadda mai hankali zai yi. Ya tafi da kansa da hayar akori-kura, ya tara maƙwabta a tsakar gidanta, ya durƙusa daga nesa ya zuba bayani.

Tsohuwa ta juya baya. Can ta dubi akuyarta da ke ɗaure a turke.

"Ke akuya," ta ce a hankali, "albasa ba ta son zahi, ba ta son duhu. Hwaɗa ma mai kunne."

Kowa a wurin ya gane. Manaja ya ɗaga hannu ya ce jama'a a yi shiru, Inna na magana da dabbarta, ba tarbiyya ba ce a sa baki. Ya jira kaɗan, ya ce to tun da ba ta ce a'a ba, ai shiru ma amsa ce. Maƙwabta suka dubi juna, amma ba wanda yake son shiga tsakanin suruki da suruka. Aka loda albasa. Tsohuwa ta zaga bayan ɗaki ta yi kukanta inda ba mai gani. Har yau in na tuna wannan sai raina ya ɓaci, don wauta daban, cin amanar kunya daban.

A Bodinga ya share fili a gefen hanya, inda ƙasa ta ɗan yi gangare zuwa kasuwa, don masu wucewa su gani. Ya jera tayoyi har sun fi mutum tsawo, gini bayan gini, ya zuba albasa, ya kife da tsohon kwano, ya liƙe duk wata kafa da laka don kada ɓera ya shiga. A gindin babban ya yanke wata 'yar ƙofa ya toshe da gwangwani. Ya ɗaure su duka da sarƙa, ya sa kwaɗo, ya samo farar ƙasa ya rubuta RUMBUN ZAMANI.

Bazara ta sauka, irin tamu ta ƙasar Sakkwato. Da rana tsaka ko ƙadangare ba ya yarda ya hau tayoyin nan. Mairo ta roƙe shi ya buɗe ko sau ɗaya a duba, ya ce buɗewa ita ce ke ɓata ajiya. Da wani wari ya fara fita, Mode ya tambaye shi ko wani abu ya mutu a ciki. Ya ce ƙarfin albasar ne ke taruwa.

Damina ta faɗi. Ruwa ya shiga cikin kowace taya ya zauna, na rumbu da na gida, don taya in ta sha ruwa ko ka juya ta sai ya gudu ɗaya gefen. Sauro ya yi aure ya yi suna a unguwarmu. Liman ya gajarta karatun magariba saboda mari da ake ta yi a sahu. Asabe ta kwanta zazzaɓi, ta tashi, ta wuce kai tsaye ofishin duba-gari.

Malam Yakubu duba-gari ya zo da farar hularsa, hanci a toshe, ya ce a kwashe komai kafin mako ya zagayo. Sai dai ya makara. Zaɓe ya matso, kuma ɗan takarar da ke neman komawa majalisa yana cikin matsala. Ya yi alkawarin rijiyar burtsatse ba a haƙa ba, ya yi alkawarin asibiti, harsashin ya zama makwancin awaki. Yaransa suna ta neman ko mene ne da zai buɗe a gaban jama'a, sai suka ga farin rubutu a bakin hanya. Manaja ya gaya wa duba-gari cewa Honorabul da kansa zai zo ya yanke ƙyalle, in yana da ja ya je ya gaya masa. Malam Yakubu ya tuna yana da iyali. Ya sake shaƙar iska, ya ce lalle warin bai kai yadda aka faɗa ba.

Ranar kasuwa aka sa. Makaɗa suka zo, mota mai lasifika tana waƙar jam'iyya, 'yan banga suna korar mutane daga inuwa don manya su zauna. Manaja ya aro babbar riga. Ya kuma aika mota Lambara aka ɗauko Inna Hawwa'u, don ta ga ranar alfaharinta, in ji shi. Aka shimfiɗa mata tabarma cikin mata, ta zauna lulluɓe, Mairo na bayanta kamar ta nutse.

Honorabul ya sauko cikin farar shadda mai aiki har ƙasa. Iska ta kaɗo, ya ɗan ja baya, amma ɗan siyasa ne, ya shanye. Ya karɓi lasifika ya ce wannan shi ne ci gaban da 'yan adawa ba sa so a gani. Ya ce in an zaɓe shi kowane ƙauye zai sami irin wannan rumbu, kuma Turawa da kansu za su zo Bodinga koyo. Bai tambayi abin da ke ciki ba sai da wani ya raɗa masa. Manaja ya karɓi lasifika ya ce shi bai yi boko mai zurfi ba, amma kansa ya fi na masu digiri, kuma albasar da za a gani yanzu ta fi ranar da aka zuba ta kyau.

Aka yanke ƙyalle, aka cire sarƙa. Sarƙar nan kuwa ita kaɗai ke riƙe da ginin, don laka ta jiƙe tuni. Honorabul ya tattare hannun riga, ya sunkuya gaban 'yar ƙofar, ya juya fuska wajen mai hoto, ya fizge gwangwani.

Abin da ya fito ba shi da suna. Wani baƙin ruwa ne mai kauri, ya yi tsiri ya sami shadda daga ƙirji zuwa ƙafa. Warin ya bugi sahun gaba, maroƙi ya haɗiye kirarin da ke bakinsa. Honorabul ya zabura ya dafa rumbu don kada ya faɗi, rumbu ya karkata ya jingina da na kusa, na kusa ya tura na gaba. Tayoyi suka sauko suka kama gangare, kowace na feshin ruwan sauro da kwaɗi. Ɗaya ta shiga tsakanin makaɗa, ɗaya ta kwashe teburin manyan baƙi, sauran suka nufi kasuwa, inda masu tukwane suka yi ta salati. Daga wata sai ga maciji ya fito yana neman hanya, 'yan banga suka ba shi ita tun bai tambaya ba. Honorabul ya faɗa mota, mota ta tashi, lasifika na ci gaba da waƙar cewa shi ne mai share hawayen talaka.

Kuna tsammani Manaja ya ji kunya? Ya hau kan wata taya ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a, ku tsaya. Taki na. Dama takin zamani nika haɗawa, ban so in hwaɗi ba sai yau."

Dariya ta fara tashi, har Asabe ta riƙe ciki. Sai aka ga Inna Hawwa'u ta miƙe. Ta tako cikin ruɓaɓɓen ruwan nan ba takalmi, ta tsaya gabansa, ta janye mayafi daga fuskarta, ta dube shi ido cikin ido.

"Ɗantani."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma wurin ya yi tsit. Tsofaffi suka sunkuyar da kai, Mairo ta rufe fuska. Da ta zage shi, da ta mare shi, duk da sauƙi. Girman da ta yi shekaru tana ba shi ne ta karɓe a gaban kasuwa. Ya waiwaya kamar yadda ya saba, don ya nemi wanda ake kira, sai ya ga duk idanu a kansa suke.

"Ɗantani, da kai nika," ta ce. "Tuɓe rigag ga ta mutane, ka shiga ka tsinto mini abin da yar rage."

 Ya tuɓe riga, ya durƙusa, ya sa hannu har gwiwa yana lalube, jama'a na kallo. Duk wadda ya ɗago sai ta narke a hannunsa. Can a cikin wata tayar sama, wadda ta yage tun a hanya har iska ke ratsa ta, ya sami 'yan ƙwayoyi masu sauran tauri, ba su cika tafin hannu biyu ba. Tsohuwa ta karɓa, ta goge su ɗaya-ɗaya da bakin zane, ta ƙulle.  Ta ce masa in sanyi ya shigo za ta dasa, kuma shi zai yi ban ruwa, tun da Allah ya hore masa ƙarfi ya rasa inda zai kai shi.

Bayan zaɓe Malam Yakubu ya dawo, hancinsa ya warke, ya ce a kwashe tayoyi. Manaja ya nemi mayar da su inda ya ɗebo. Mode ya ce kyauta ba ta komawa gida, masu facin Sifawa da Shagari suka ce ba su ma san shi ba. Wasu tayoyin mutane suka ɗiba suka danne kwanon rufi, wasu aka kewaya 'yan itatuwa da su don awaki, sauran kuwa Manaja ya yi ta jan su zuwa wani tsohon kududdufi a bayan gari, inda suke har yanzu, ba su ruɓe ba, ba su da niyya.

Da rani na bi ta fadamar Lambara. Na hango shi a gindin jigo, wando a naɗe, yana jan ruwa da gugan taya ɗinkin Bawa. 'Yan albasar nan sun yi tsiro, wasu har sun fara fure. Da ya gan ni ya saki igiya, ya gyara tsayuwa, ya fara gaya mini cewa shi ke kula da harkar gonar gaba ɗaya, kuma yana da wani shiri a kan jigon nan da in ya kammala Turawa za su zo.

Daga inuwar mangwaro, inda take zaune ba lulluɓi, muryar tsohuwa ta ratso fadama, kowa na ji.

"Ɗantani, wancan fangalin bai sha ba."

"Na'am, Inna," in ji shi, ya koma ya kama igiya.